Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Zamfara: A Raba Injin Gero Da Injin Dutse

Mai girma Gwamna, assalamu alaikum. Allah ya taya riƙo.

Maganar injin niƙa ce ta kawo ni. Na san kusa da batun 'yan bindiga da ke kan teburinka za ta yi kama da ƙaramar magana, amma tana cikin abin da ya sa muka binne yara sama da 400 a 2010. Ka san garuruwan: Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke, Tungar Daji, Bagega. Dutsen zinare mai haɗe da dalma aka riƙa niƙawa da injin hatsi, a daka wani a turmi, a shanya a tsakar gida. Yaro mai rarrafe ya sa hannu a baki, sai amai, sai jijjiga, sai makara.

Kwanan baya na je gida ta'aziyya, na tsaya a rumfar wani mai niƙa a bakin kasuwa. Ya gama niƙa buhu biyu na dutse, har gashin girarsa ya yi fari fat. Sai ya zuba kwano guda na dusa, wai wankin inji ke nan, ya miƙa hannu ya karɓi ƙwaryar geron wata yarinya mai goye da ƙanenta. Na ce, "Malam, wannan fa?" Ya ce, "Alhaji, masu dutse su ke biya min kuɗin mai. Gero tiya nawa zan niƙa in cika galan?" Dusar kuwa awaki aka watsa wa. Ban iya yi masa faɗa ba, shi ma ƙurar yake shaƙa tun safe.

Ranka ya daɗe, dalma ba ta ruɓewa. A kwarin Swaledale da ke arewacin Ingila, ruwan rafi ne ke juya dutsen niƙan hatsi a da, shi ne kuma ke buga zugazugan narka dalma. An rufe wuraren narkawar fiye da shekara ɗari, sun zama kufai, amma har gobe ƙasar gaɓar rafukan tana ɗauke da gubar. Su ke nan da hatsinsu da dutsensu kowa da gidan niƙansa. To ina ga mu da muke haɗa su a bakin inji ɗaya?

Mun ga wahalar gyara. Sai da aka kankare ƙasar gida-gida aka binne, aka zubo sabuwa, kafin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF su iya ba yara magani, don in yaro ya koma cikin ƙurar aikin banza ne. Bagega ta jira kuɗin Abuja har 2013. Shikira ta Jihar Neja ta rasa yara 28 a 2015. A 2022 MSF ta miƙa wa gwamnatin Zamfara aikin dalmar. A Disambar 2024 Gwamnatin Tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara da ta sa tun 2019, wanda dama a takarda ya fi ƙarfi. Ramuka na nan, injuna na ta kuka.

Za a ce min ma'adinai hurumin tarayya ne. Na ji. Injin niƙan gero ma na tarayya ne? Ko sai Minista ya zo daga Abuja ya raba ƙwarya da buhu? Kai ka zo da taken ceto Zamfara, kai ka ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya. Don Allah a faɗa mana ko ta kai rumfar mai niƙa.

Roƙona bai da yawa. A hana niƙa dutse a cikin gari, a ware masa fili a bayan gari, a niƙa da ruwa don kada ƙura ta tashi. A ba hakimai da dagatai umarni a rubuce, su sun san kowane inji da mai shi. A taimaki masu niƙan hatsi kada hanin ya kashe musu sana'a, in ba haka ba da dare za su koma. Sai gwajin jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, a dawo da shi kafin kaka ta yi, gero ya fara shigowa.

Naka,
Wani ɗan ƙasar Anka