A Sa Wa Ƙaramar Tarakta Nauyi a Baya Kafin a Ɗauki Kaya da Bokitin Gaba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin manoma da direbobin tarakta da masu sayar da ita a kan wani al'amari da ake yi wa riƙon sakainar kashi, alhali kuwa ran mutum ne a cikinsa. Ina magana ne a kan ƙananan taraktocin da ake ɗaura wa bokitin lodi a gaba, a wuni ana kwasar yashi da tsakuwa da taki da su, ba tare da an rataya musu wani nauyi a baya da zai danne su ba.

Ni kaina sai da abin ya kusa ritsawa da ni sannan na fahimta. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, na ciko bokiti da jiƙaƙƙen yashi, na ɗaga shi sama domin in riƙa ganin gabana, sannan na karya sitiyari hagu a wurin da ƙasa ta ɗan karkata. Nan take na ji kujerar ta karkace da ni, ko da na waiga sai ga tayar baya ta hagu ta rabu da ƙasa tana juyawa a iska, laka tana zuba daga jikinta. Allah ya sa hannuna yana kan sandar haidurolik, na tura ta gaba, bokitin ya sauka ƙasa, taraktar ta dawo ta zauna. Ban yi gudu ba a ranar, kayan kuma bai fi ƙarfin ɗagawar injin ba. Abin da ya rage kawai shi ne babu komai a bayan taraktar.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa lura da sikeli. Kayan da ke cikin bokiti yana gaba da tayoyin gaba, saboda haka tayoyin nan su ne suke zama tsakiyar sikelin: gwargwadon yadda kaya ya danna gaba, gwargwadon yadda baya yake yin sama. A ɗauki misalin taraktar da ke da tazarar mita 1.6 tsakanin tayoyin gaba da na baya, aka ɗora mata kilo 400 a bokitin da ya yi gaba da tayoyin gaba da mita 1.2. Lissafi zai nuna cewa tayoyin baya sun rasa nauyin kilo 300, tayoyin gaba kuma sun sami ƙarin kilo 700, wato nauyin kayan da kuma wanda ya baro baya. Kilo 400 kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne, domin jiƙaƙƙen yashi yana kusan tan 2 a ma'aunin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa mita ɗai-ɗai ne, ke nan ɗan bokiti ma yana iya ɗaukar haka kafin ya cika.

Abin da ke biyo baya shi ne ya fi damuna. A yawancin ƙananan taraktoci birki a tayoyin baya kaɗai yake, don haka idan bayan ya yi sakayau, direba zai taka birki a gangare ya ji tayoyin suna jan ƙasa kawai, taraktar kuma tana ci gaba da tafiya. Sannan sandar da ke haɗa tayoyin gaba a kan fil guda aka rataye ta a tsakiya, domin ta riƙa karkata tana bin tudu da kwari. Wannan ya sa tarakta, duk da tayoyinta huɗu, a zahiri kamar kujera mai ƙafa uku take tsaye, ƙafa biyu a baya, ɗaya a gaba. Idan nauyi ya koma kan wannan ƙafa ɗaya ta gaba, musamman in bokiti yana sama, ɗan rami ko dutse ya isa ya kifar da ita a gefe. Ko ba a kife ba, boris da tayoyin gaba da sitiyari suna shan wahalar da ba a ƙera su dominta ba, sai a ga mai yana yoyo, ana ta zaryar gyara ba a san daga inda matsalar take tasowa ba.

Na sha jin direbobi suna cewa ai sun riga sun zuba ruwa a tayoyin baya, magana ta ƙare. Zuba ruwan yana da amfani ƙwarai, domin kowace lita kilo ɗaya ce, kuma nauyin yana zama can ƙasa. Ana juya tayar har bawul ya koma sama, a cika ta kimanin kashi uku cikin huɗu, a bar sauran ga iska domin tayar ta riƙa lotsawa. A ƙasashe masu tsananin sanyi ana narka gishirin kalsiyam a ruwan don kada ya daskare, yana kuma ƙara nauyi, sai dai yana cin wili da tsatsa idan ya yi yoyo. Haka su ma faifan ƙarfe da ake ɗaurawa a jikin wili suna taimakawa. Amma duka biyun a kan tayoyin baya suke zaune daidai, suna danne su ƙasa ne kawai, ba su rage wa tayoyin gaba ko kilo ɗaya daga cikin kilo 700 ɗin nan.

Nauyin da ke sauƙaƙa wa gaba shi ne wanda aka rataya a bayan tayoyin baya, a kan maratayin nan mai hannu uku da ake ɗaura garma. A misalinmu na ɗazu, idan aka rataya kilo 400 a tazarar mita 0.8 bayan tayoyin baya, sai sikelin ya juya: gaba ya sami sauƙin kilo 200, baya ya sami ƙarin kilo 600. Samun wannan nauyi ba shi da wuya. Akwatin ƙarfe mai rabin mita ta kowace fuska, idan aka cika shi da kankare, yana kai kimanin kilo 300, ban da nauyin ƙarfen kansa. Wasu sukan bar haro ko wani kayan aiki mai nauyi a rataye, hakan ma ya yi, sai dai yana da tsawo, kuma direba yakan manta da shi wajen juyawa a matsatsi. Ko ma wanne aka zaɓa, a riƙe shi ƙasa-ƙasa, a sa masa fil na ainihi, a ɗaure sarƙoƙin gefe don kada ya riƙa lilo.

Yawan nauyin da ya kamata kuwa ba da ido ake yanke shi ba. Littafin da kamfani ke bayarwa tare da tarakta da bokitin ya faɗi adadinsa, ya faɗi iyakar abin da maratayin baya da tayoyi za su iya ɗauka, da yawan iskar da za a bai wa tayoyin gaba lokacin aikin lodi. Idan an kwance bokiti, a sauke akwatin shi ma, domin in ba haka ba, gaba ne zai koma sakayau har sitiyari ya ƙi ji, ga shan mai da dandaƙe ƙasar gona.

Nauyin baya bai ɗauke wa direba kulawa ba. Ya tafi da bokiti kusa da ƙasa, a hankali, ya ɗaga shi sai ya iso inda zai juye. A gangare ya bar kayan ta wajen tudu, ya hau da gaba ya sauko da baya, ya haɗe birkunan biyu na hagu da na dama, ya kuma sa giyar da ke jan tayoyi huɗu in akwai ta. Ƙarfen kariya da ke bisa kujera, wanda ƙasar Suwidin ta wajabta wa sababbin taraktoci tun 1959, a bar shi a miƙe kuma a ɗaura bel.

Roƙona ga masu sayar da tarakta shi ne su daina miƙa wa mutum makulli da bokiti a gaba, baya fayau, ba su ce masa komai ba. Su sa akwatin nauyin cikin lissafin ciniki tun farko, su buɗe masa littafin su nuna masa shafin. Masu ba da hayar tarakta su ma su duba bayanta kafin ta fita aiki, domin yaron da ke kan kujerar sau da yawa ba shi ne ya saye ta ba, littafin ma bai taɓa ganinsa ba.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wani manomi mai aiki da tarakta