A bari mu ga yadda ake kare kasafin kuɗi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Sashe na 121 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa gwamna gabatar da kasafin kuɗi gaban majalisar dokokin jiha. Ranar gabatarwa kowa na ji a rediyo, haka ma ranar sa hannu. Tsakaninsu fa?

Nan ne aikin yake. Bayan an yi wa ƙudurin kasafin karatu na biyu a zauren majalisa, kwamitoci kan kira kwamishinoni da shugabannin ma'aikatu su kare abin da suka nema, a rage nan, a ƙara can, kafin karatu na uku. A wannan zaman ake yanke ko kwatar layinmu za ta samu siminti. Damina uku ke nan muna tare ƙofar gida da buhunan yashi, yara na tattare wando kafin su tsallaka zuwa makaranta.

Roƙona ga 'yan majalisar dokokin jihar Kaduna su 34 da ke zama a Lugard Hall: a riƙa watsa zaman kwamitocin a rediyo da Hausa, a kuma liƙa jerin ayyukan kowace mazaɓa a ofishin mai unguwa.

Naku,
Wani mai karatu,
Tudun Wada, Zariya