A Kula da Zaren da ke Gaban Ƙugiya Kafin a Shiga Teku

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin 'yan'uwanmu da suka saba fatsa a Kogin Neja da Tafkin Kainji, waɗanda zama ya kai su Legas ko Akara, har suka fara jefa ƙugiya a teku da kayan da suka taho da su daga gida.

Da yawansu kan zuba kuɗinsu a kan sanda, alhali zaɓenta ba shi da wuya. Wanda zai tsaya a gaɓa yana buƙatar doguwa, mai mita 3 zuwa 4, domin jifarsa ta tsallake inda igiyar ruwa ke fashewa. Wanda ke cikin kwalekwale kuwa mai mita 2 ta ishe shi. Abin lura shi ne, ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, don haka dole a ɗauraye sandar da na'urar naɗe zare da ruwan famfo bayan kowace fita, in ba haka ba tsatsa ta cinye su.

Inda ake asarar kifi shi ne guntun zaren da ke haɗa babban zare da ƙugiya, wanda masu shaguna ba su cika yi wa mai saye bayaninsa ba. Duk wanda kifin tsage ya taɓa datse wa zare ya san abin da barakuda, kifin teku mai kaifin haƙora, za ta yi wa nailan, saboda haka sai an sa mata siririyar waya. Amma waya ba ta dace da kowane kifi ba, domin a ruwa mai haske wasu kifayen kan gan ta su ƙaurace wa ƙugiyar, kuma ga irin waɗannan nailan mai kauri ya fi, musamman a kusa da duwatsun mashigar tashar jiragen ruwan Legas, inda saƙaƙƙen zare, duk da ƙarfinsa, yake tsinkewa da zarar ya gogi dutse.

Akwai kuma batun lafiyar jama'a. Masu fatsar gaɓa suna da ƙa'ida cewa kowane giram 28 na dalmar da ke nitsar da ƙugiya yana buƙatar zaren gaba (wanda ke haɗa babban zare da ƙugiya) mai jure nauyin kilo 4 da rabi, wato dalma mai giram 140 tana son mai jure kusan kilo 23, kuma zaren ya yi tsawon da zai bi sandar daga dalma har ya zagaya na'urar naɗi sau biyar ko shida. Idan aka yi sakaci da wannan, zaren kan tsinke a tsakiyar jifa, dalmar ta fice ta nufi duk wanda ke tsaye a gefe. A ƙasa mai yashi kuma, dalma mai kusurwoyi ta fi mulmulalliya riƙe wuri idan ruwa na ja.

Ina kira ga masu sayar da waɗannan kaya da su riƙa tambayar mai saye inda zai yi fatsa da irin kifin da yake nema kafin su miƙa masa komai.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Legas