Ga masu fara wasan Enter the Gungeon: ba rashin sa'a ke kashe ku ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina neman ɗan fili domin in yi magana a kan wani abu da ba kasafai jaridunmu na Hausa ke waiwayarsa ba sai idan za a yi tir da shi, wato wasannin kwamfuta. Sana'ata gyaran kwamfuta ce, kuma a bayan shagona akwai wata tsohuwar kwamfuta da 'ya'yan yayana da abokansu ke taruwa a kanta da yamma idan an tashi daga Islamiyya. Cikin wasannin da ke kanta akwai na harbe-harbe mai suna Enter the Gungeon, wanda wani ƙaramin kamfani na Amurka da ake kira Dodge Roll ya ƙirƙira, kamfanin Devolver Digital kuma ya fitar da shi a watan Afrilun 2016. Na lura cewa duk yaron da ya fara shi, kafin a yi minti goma an kashe shi, sai ya ture linzamin kwamfutar ya ce ai wasan na sa'a ne. Wannan magana ta daɗe tana damuna, domin ba gaskiya ba ce, kuma ba na son yaro ya saba da ɗora wa sa'a laifin abin da bai tsaya ya koya ba.

Dalilin da ya sa suke faɗin haka a bayyane yake. Wasan yana cikin jinsin da ya samo asali daga wani tsohon wasa na 1980 mai suna Rogue, inda kwamfuta ke sake tsara wurin duk lokacin da aka fara, kuma wanda aka kashe yakan koma farko ba tare da ko ɗaya daga cikin makaman da ya tara ba. A nan mutum yana gangarawa ne cikin wani kurkuku na ƙarƙashin ƙasa mai manyan hawa biyar, kuma taswirar da ya bi jiya ba ita zai tarar yau ba. Abin da sababbi ba su sani ba shi ne, ɗakunan kansu mutane ne suka zana su ɗaya bayan ɗaya, aikin kwamfuta kawai ta zaɓo wasu ta jera su ta wata sabuwar siga. Abokan gaba ma haka: kowane iri yana da salon harbinsa da ba ya canzawa. Mai bindigar da ke watsa harsasai kamar mafici haka zai yi kullum, mai sulke da takobi sai ya ɗaga takobin kafin ya saki ruwan harsashi, shi kuwa wanda aka zana kamar gurneti da gudu yake nufo mutum don ya fashe a jikinsa. Saboda haka abin da ke sauyawa jeri ne kawai, kamar yadda ake cakuɗa karta amma ganyenta ba ya ƙaruwa. Wanda ya mutu sau ashirin yana lura, ya riga ya ga mafi yawan abin da hawa na farko zai iya jefo masa.

Kuskuren da na fi gani shi ne a inda ake ajiye ido. Sabon ɗan wasa yakan zuba wa abokin gaba ido yana neman ya saita shi, alhali harsashin da zai kashe shi yana tahowa ta gefe. Ana farawa ne da zuciya uku, waɗanda su ne ma'aunin ran ɗan wasa, kowane harsashi yana cire rabin zuciya, wato duka shida aka ba mutum ya sha kafin ya faɗi, kuma ba a cika samun abin mayar da su ba. Ido ya kamata ya zauna a kan ɗan mutumin da ake sarrafawa da filin da ke kewaye da shi, harbi kuwa a yi shi da wutsiyar ido. Harsasan abokan gaba a hawa na farko tafiyarsu a hankali take, har mutum yana iya ratsawa tsakaninsu da tafiya kawai idan bai firgita ba.

Wannan ya kawo ni ga alkafura, wadda ita ce ginshiƙin wasan har kamfanin ya ɗauki sunansa daga gare ta, domin dodge roll ake ce mata da Turanci. Idan aka danna maɓallinta, ɗan wasa yakan yi tsalle ya mirgina, kuma a farkon tsallen harsashi ba ya taɓa shi, amma a lokacin da yake dira yana miƙewa ba shi da wata kariya, ba ya iya harbi, ba ya kuma iya canza hanya. Yara da sun gano wannan maɓalli sai su riƙa danna shi ba ƙaƙƙautawa, su yi ta faɗawa cikin rami ko su dira daidai kan harsashin da da sun tsaya zai wuce su. Ƙa'idar da nake ba su ita ce, duk abin da za a iya kauce masa da tafiya a kauce masa da tafiya, a bar alkafura ga bangon harsashin da ba shi da kafa. Idan kuma za a yi ta, a yi ta gaba a ratsa harsasan, kada a yi ta baya, domin wanda ya yi baya zai dira ne ya tarar suna nan suna biye da shi. Kafin a danna, a san inda za a dira. Da zarar an shiga ɗaki ƙofofi sukan rufe sai an gama da kowa, don haka tun daga bakin ƙofa a duba ina ginshiƙi, ina rami, ina gangar da ke fashewa, ina tebur, domin ana iya kife tebur a fake a bayansa na ɗan lokaci. A guji lungu, kuma kada a saki jiki don ɗaki ya yi tsit, sau da yawa akwai ayari na biyu da ke ɓullowa.

Akwai kuma wani shuɗin harsashi da wasan ke kira Blank, wanda yaran shagona suka laƙaba wa mai share fage, domin idan aka yi amfani da shi yakan goge duk harsasan abokan gaba da ke cikin ɗakin. Bahaushe ya ce ajiya maganin wata rana, amma a nan ajiyar tana da iyaka, domin duk lokacin da aka sauka sabon hawa wasan yakan cika wa mutum su zuwa biyu idan bai kai ba. Ma'ana, wanda ya sauka da biyunsa bai taɓa ba ya yi asarar biyu ke nan. Na sha ganin yaro ya mutu yana riƙe da su. Wurin da suka fi amfani shi ne ɗakin babban abokin gaba na ƙarshen hawa, wanda yara ke kira bos, saboda duk wanda ya kayar da shi ba tare da an taɓa shi ko sau ɗaya ba yakan sami wata kyauta da ke ƙara masa cikakkiyar zuciya guda har ƙarshen zagayen, wato har a kashe shi ko ya gama wasan. Wannan kyauta ta fi mafi yawan abin da ake samu a akwati, kuma a hawa na farko da na biyu ta fi sauƙin samu. A hawa na farko ɗaya daga cikin uku ake haɗuwa da shi: ƙaton tsuntsu mai bindiga mai jigida, ko sarkin harsasai da ke kan karaga, ko tagwayen da idan aka kashe ɗaya ɗayan ke harzuƙa ya ƙara zafi. Uku ne kacal, kuma kowannensu yana maimaita salonsa. Idan an gama da bos akwai sauran shuɗin harsashi, sai a gwada shi a ɗakin akwati ko a ƙarshen wata hanya da ba ta ɓulle ba, domin yana buɗe ɗakunan ɓoye.

Batun makulli da akwati shi ne inda haƙuri ya fi biya. A kowane hawa akan sami ɗakunan akwati biyu, ɗaya na bindiga ɗaya na wani kayan amfani, makullai kuwa ba su wadata. Launin akwati yana nuna darajarsa: mai ruwan ƙasa shi ne na ƙasa, sai shuɗi, sai kore, sai ja, sai baƙi. Yaro yakan buɗe akwatin da ya fara cin karo da shi, daga baya ya tarar da ja a gaba ba shi da abin buɗewa. Abin da ya dace shi ne a zagaye hawan duka tukuna, a ga abin da ke akwai, sannan a yanke shawara, kuma komawa baya ba wahala, tunda taswira tana da wuraren da ake danna su mutum ya ɓullo nan take. Kuɗin wasan kwanson harsashi ne, ana kashe su a kantin wani ɗan kasuwa wanda waɗanda suka ƙirƙiri wasan suka sa wa suna Bello, abin da ke ba yaranmu mamaki duk ranar da suka fara ganinsa. A kantinsa makulli ya kamata a fara saya kafin komai, sai dai idan rai ya kusa ƙarewa. Kada kuma a yi harbi a cikin kantin, domin yakan yi gargaɗi, idan aka ci gaba ya rufe kantin har ƙarshen zagayen. Wasu akwatunan dabbobi ne da suka yi shigar akwati, don haka harbi ɗaya daga nesa kafin a matsa yana tona asirinsu, amma ɗaya kawai, saboda akwatin gaskiya yakan farfashe idan aka ci gaba da harbinsa, kuma tarkace aka fi samu a ciki.

Game da harsashi, bindigar da aka fara da ita ba ta ƙarewa, don haka ita ya kamata a yi aikin hawa na farko da ita, a adana mai ƙarfi saboda bos. Daga tsakiyar hawa na biyu abokan gaba sukan ƙara tauri, a nan rowa takan zama illa, domin ɗakin da aka daɗe a cikinsa shi ke cin rai. Idan kwalin harsashi ya faɗo, a fara ɗauko bindigar da ta fi buƙata sannan a ɗauke shi, kuma a ɗauke shi kafin a fita, domin akwai wani ɓera da ke sace abin da aka bari a ƙasa. Kayan da ke ɗauke da tsinuwa kuwa sabo ya ƙyale su tukuna, domin tsinuwar na jawo wasu abokan gaba masu launin ja da baƙi waɗanda dukansu ɗaya ke cire cikakkiyar zuciya.

Cikin 'yan wasa huɗu da ake zaɓa da farko, ni sojan nake ba sabo. Yana zuwa da sulken da ke tare masa duka ɗaya, saitinsa ya fi daidai, yana ɗura harsashi da sauri, kuma yana da damar kiran kwalin harsashi sau ɗaya. Bayansa sai mafarauciya, mai baka mai ƙarfi da kare wanda ke tono kaya yana kuma yi wa akwatin ƙarya haushi. Matuƙin jirgi yana samun rangwame a kanti, yana da abin ɓalle kwaɗo wanda rabi da rabi yake ci, amma bindigarsa ta farko ba ta da saiti mai kyau, saboda haka a bar shi sai hannu ya faɗa. Ina kuma ba da shawarar a zauna a kan ɗan wasa ɗaya na ɗan lokaci, domin yawan sauyawa yana hana mutum gane ko shi ne ya ƙara ƙwarewa ko makami ne ya taimake shi.

Mutuwa a wannan wasa ba ta cinye komai ba. Kowane bos da aka kayar yana zubar da wasu kuɗi na daban da ba sa ɓacewa, ana sayen sababbin makamai da su a zauren da ake farawa, su shiga cikin abin da za a iya tsinta nan gaba. Haka nan akwai mutanen da aka kulle a kurkukun, idan aka sami makullin ɗakinsu aka sake su, wasunsu sukan koma zauren su buɗe nasu shagon. Ɗan yayana ƙarami ya shafe kusan mako biyu bai wuce hawa na biyu ba. Na ce masa duk lokacin da aka kashe shi, kafin ya sake farawa ya faɗa mini da bakinsa abin da ya kashe shi, kada kuma ya ambaci sa'a. Da farko yana jin haushi, daga baya ya fara cewa ya yi alkafura cikin lungu, ko ya manta da mai share fage, ko ya shiga ɗaki bai ɗura harsashi ba. Yanzu yana kaiwa hawa na huɗu a mafi yawan ranaku, kuma shi ke koya wa na bayansa.

Ga iyayen da za su karanta wannan, abokan gaban da ake harbi a wasan mafi yawansu harsasai ne da aka zana musu ido da ƙafa, amma duk da haka yana da kyau a zauna a kalli abin da yaro ke yi, a kuma sa masa lokaci, domin zagaye guda idan ya yi nisa yana iya cin awa ɗaya. Akwai abin da ke taimakawa a nan, musamman a wurinmu da ake yawan ɗauke wuta: bayan an kayar da bos, kusa da na'urar da ke sauka da mutum zuwa hawa na gaba akwai wani maɓalli mai fuska da ake yi wa magana ya adana zagayen, a dawo daga baya a ci gaba. A shagona dokar ita ce, idan magariba ta gabato wanda ke wasa ba zai sauka sabon hawa ba, a nan zai adana ya kashe kwamfutar, gobe ya ɗora daga inda ya tsaya.

Na gode da filin da aka ba ni.

Naka,
wani mai gyaran kwamfuta, daga Kano