Amsa Ga Malamin Da Ya Tambaye Ni Ko Ya Kamata A Haramta Tseren Motoci

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya dace in amsa maka a rubuce tambayar da ka yi mini ta waya a shirin rediyon da aka gayyace ni, domin lokacin shirin bai isa a yi mata adalci ba. Ka ce ka daɗe kana bin rubuce-rubucena a kan gurɓacewar muhalli, amma ba ka taɓa jin na taɓo tseren motoci ba, alhali a ganinka babu wasan da ya kai shi ɓarna, tunda ƙwallon ƙafa da dambe da guje-guje ƙarfin jikin ɗan Adam suke ci, shi kuwa fetur yake sha. Daga nan ka nemi in fito fili in faɗa ko ina goyon bayan a haramta shi. Amsata ita ce ba na goyon bayan haramcin, kuma ba na wanke tseren daga laifi. Abin da nake gani shi ne, duk wanda ya zuba ido a kan salansar motar tsere ya bar jaki yana dukan taiki.

Mu fara da man da ya tsaya maka a rai. A gasar Formula 1, wadda ita ce mafi shahara a duniya, dokar da aka yi aiki da ita daga shekarar 2019 ta taƙaita kowace mota ga kilo 110 na mai a tseren ranar Lahadi, kuma tun 2010 aka hana ƙara mai a tsakiyar tsere. Idan ka haɗa motoci 20, abin da za su ƙona bai wuce kilo 2,200 ba, wanda bai kai abin da babban jirgin sama mai dogon zango yake sha cikin awa ɗaya ba. A watan Nuwamba na 2019 masu gasar suka fitar da lissafin hayaƙin da harkarsu ta haddasa a kakar 2018, suka ce ya kai tan 256,551 na iskar da ke ɗumama yanayi. A cikin wannan adadi, injinan motocin tseren gaba ɗaya, har da gwaji da atisaye, kashi 0.7 cikin ɗari kawai suka ɗauka. Jigilar kaya ta ci kashi 45, tafiye-tafiyen ma'aikata kusan kashi 28, masana'antu da ofisoshi kusan kashi 19, sauran kuma ya tafi a hidimar gudanar da taron. Da za a wayi gari a ce direbobin su riƙa tura motocin da hannu, fiye da kashi 99 na ɓarnar yana nan daram.

Dalili kuwa shi ne Formula 1 gari ne sukutum da ake naɗewa a kwantena duk mako ko mako biyu, a loda a jiragen sama da na ruwa da manyan motoci, a sake kafa shi a wata nahiya, tare da dubban injiniyoyi da makanikai da ma'aikatan talabijin da masu girki. A kakar 2023 an yi tsere a Baku ta ƙasar Azarbaijan ranar 30 ga Afrilu, bayan kwana bakwai aka yi wani a Miami ta Amurka, daga nan aka dawo Turai, aka sake haye teku zuwa Kanada a watan Yuni, aka kuma komo Turai. Gasar da ta fara da tsere 7 a 1950 ta kai 21 a 2018, ta kai 24 a 2024. Kowane tsere da aka ƙara kuɗi ne ga masu gasar, kuma hayaƙi ne ga sauran mutanen duniya.

To, idan jirgin sama ne tushen matsalar, ka ga ƙwallon ƙafa ba ta da bakin magana. Hukumar FIFA da kanta ta ƙiyasta cewa gasar cin kofin duniya ta Katar a 2022 za ta fitar da tan miliyan 3.6, wato kusan ninki 14 na abin da Formula 1 ta lissafa wa kanta a shekara guda, kuma fiye da rabin wannan adadi daga tafiye-tafiye ya fito. Ko da ka tara kakar Formula 1 huɗu domin ka daidaita da tazarar da ke tsakanin kofi da kofi, ba za ka kai kashi ɗaya cikin uku na abin da aka ƙona saboda wata guda na ƙwallo ba. Wannan ma lissafin FIFA ne, wanda ƙungiyar Carbon Market Watch ta ce an tauye shi ƙwarai, domin hayaƙin siminti da ƙarfen sababbin filayen wasa an raba shi a kan shekaru masu yawa da ake zaton filayen za su yi suna aiki, aka ɗora wa gasar ɗan ƙaramin kaso. A watan Yuni na 2023 hukumar da ke sa ido a kan gaskiyar tallace-tallace a Suwizalan ta yanke cewa iƙirarin FIFA na cewa gasar ba ta bar wa duniya nauyin hayaƙi ba, iƙirari ne da ta kasa tabbatarwa.

Sai dai amana ta wajabta mini in gaya maka cewa waɗannan alƙaluma biyu ba da mudu ɗaya aka auna su ba. Lissafin FIFA ya haɗa da 'yan kallon da suka hau jirgi zuwa Doha, na Formula 1 kuwa ya bar 'yan kallo a waje, alhali masu gasar sun ce mutum miliyan 6.5 ne suka halarci tserensu a 2024. Mutumin da ya tashi daga Landan zuwa Singafo domin kallon tseren dare hayaƙinsa bai ɓace ba don an ƙi rubuta shi. Da za a saka su, tazarar za ta ragu sosai, kuma wannan gurbi da aka bari yana daga cikin manyan ƙorafe-ƙorafena a kan masu tseren.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne alƙiblar da ƙwallo ta fuskanta. An tsara kofin duniya na 2026 da ƙasashe 48 da wasanni 104 a birane 16 na Amurka da Kanada da Meziko, inda magoya baya ba su da zaɓi sai jirgi tsakanin wasa da wasa. Na 2030 kuma an ba Maroko da Sifaniya da Fotugal, tare da wasanni uku a Yurugwai da Ajantina da Faragwai, wato ƙasashe shida a nahiyoyi uku. Sauran wasanni ma kowane da irin tasa ɓarnar. Gasar Olamfik ta hunturu a Bejin a 2022 kusan duk ƙanƙararta da inji aka sarrafa, a yankin da ke fama da ƙarancin ruwa, filayen golf kuma ruwa da maganin ciyawa suke ci ba dare ba rana har a garuruwan hamada. Amma Faris ta nuna a 2024 cewa ana iya ragewa, domin da ta yi amfani da filayen da take da su da na wucin gadi a kusan kashi 95 na wasannin, masu shiryawa sun ba da lissafin tan miliyan 1.59, ƙasa da rabin abin da aka lissafa wa Landan a 2012 da Riyo a 2016.

Kada ka ɗauka da wannan na sallami tseren motoci, domin akwai ɓarnar da ba a auna ta da tan, kuma a nan zarginka yake da ƙarfi. A Amurka an hana motocin titi amfani da fetur mai dalma tun 1996, amma aka ɗaga wa motocin tsere ƙafa, gasar NASCAR ta ci gaba da ƙona shi har 2007. Masana tattalin arziki biyu, Alex Hollingsworth da Ivan Rudik, sun bi diddigin abin da ya biyo bayan dainawar, suka gano cewa dalmar da ke cikin iska da cikin jinin yara ta ragu a yankunan da filayen tsere suke, mutuwar tsofaffi ma ta ragu. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan wannan guba. Shekara goma sha ɗaya ana shaƙa wa maƙwabta ita domin nishaɗi, babu wasan ƙwallon da ya taɓa yin haka.

Ga kuma tseren Dakar, wanda mutanen Agadas suka sani ido da ido. Tun da aka fara shi daga Faris a ƙarshen Disamba na 1978, ɗaruruwan motoci da babura da manyan motocin kaya sun riƙa keta Sahara, sau da yawa ta hamadar Tenere, suna tattake ɗan tsiron da dabbobin makiyaya suke rayuwa a kansa, kuma mutanen ƙauyuka, ciki har da ƙananan yara, sun rasa rayukansu a ƙarƙashin tayoyin baƙin da suka zo wasa. Ba don wannan aka bar Afirka ba, barazanar tsaro a Muritaniya ce ta sa aka soke na 2008. Da aka koma Kudancin Amurka daga 2009, hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar Cile ta riƙa kokawa a kan wuraren tarihin da ake lalatawa a hamadar Atakama, daga 2020 kuma aka tare a Saudiyya. A Birazil an so a sare dubun-dubatar bishiyoyi a dajin Kamboata na birnin Riyo domin gina sabon filin tsere, sai da masu kare muhalli suka tashi tsaye, shahararren direban Formula 1 Lewis Hamilton ma ya fito ya ƙi, kafin magajin garin ya soke shirin a farkon 2021.

Laifi mafi girma a wurina kuwa talla ce. Motar tsere allo ne mai gudu na kamfanonin mai, Shell a jikin Ferrari, Petronas a jikin Mercedes, sunan Aramco kuma a bangon filaye tun 2020, kuma saƙon da matashi yake ɗauka shi ne ƙona mai da gudu su ne burgewa. Direban Formula 1 Sebastian Vettel, wanda ya ci kambun duniya sau huɗu, ya faɗa a wani shirin BBC a 2022 cewa sauyin yanayi yana sa shi tambayar kansa ko ya dace ya ci gaba da wannan sana'a, kuma a ƙarshen shekarar ya ajiye ta. Amma a nan ma ƙwallo ta bi sahu, domin Aramco ta zama babbar abokiyar hulɗar FIFA a 2024, gasar cin kofin Afirka da muke cika gidajen kallo saboda ita kuwa tun 2016 sunan Total take ɗauke da shi. Idan za mu haramta wasa saboda kuɗin mai, sai mu fara da wanda muka fi so.

Masu kare tseren suna cewa shi ne ɗakin gwajin fasaha, kuma akwai gaskiya a ciki, domin injinan da aka shigo da su a 2014, masu haɗa fetur da lantarki, sun kai ga mayar da fiye da rabin ƙarfin man da suka sha zuwa motsi, abin da injin motar titi bai kusanta ba. An kuma tsara amfani da man da ba a haƙo daga ƙasa ba tun daga kakar 2026. Ina yaba wannan, amma ka tuna duk gyaran yana cikin kashi 0.7 ɗin nan ne, kuma irin wannan mai yana da tsada, yana cin lantarki mai yawa kafin a samar da shi, ban ga ranar da zai iso tankin mai tasi a Kano ko Maraɗi nan kusa ba. Gasar Formula E, wadda aka fara da motocin lantarki a Bejin a 2014, ita ce ta fi tabbatar da maganata, domin motocinta ba su da salansa ko ɗaya, amma rahotanninta suna nuna jigilar kaya ce ke ɗaukar kaso mafi tsoka na hayaƙinta.

Saboda haka abin da nake nema ya fi haramci wahala ga masu gasa, domin haramci kira ne da kowa ya san ba za a amsa ba, su kuma za su ci gaba da harkarsu hankali kwance. Ina neman a rage yawan tsere da yawan wasanni, a jera su yanki-yanki ta yadda kaya za su bi ruwa da ƙasa, kamar yadda aka fara da mayar da tseren Jafan watan Afrilu a 2024 kusa da na Ostireliya da Sin. Ina neman a saka tafiyar 'yan kallo a kowane lissafi, a kuma daina sayen takardun shuka bishiya a ƙasashen matalauta ana kiran hakan goge laifi. Formula 1 ta ce ta rage hayaƙinta da kashi 26 zuwa ƙarshen 2024, kuma ta yi alƙawarin kaiwa ga daidaito a 2030, wato hayaƙin da take fitarwa ya zo daidai da wanda take gogewa. Sai mu jira mu ga nawa ne ragi na haƙiƙa, nawa ne na takarda. Holan ta riga ta nuna hanya a Zandvoort, garin da ake tserenta na Formula 1, inda tun 2021 aka toshe wa yawancin motocin 'yan kallo shiga garin, jama'a suka riƙa zuwa a jirgin ƙasa da keke.

Ina magana da zafi ne domin ɗan Nijeriya bai kai ga fitar da tan ɗaya a shekara daga man da yake ƙonawa ba, ɗan Nijar kuma ƙasa da haka nesa, amma mu ne ambaliyar 2022 ta kashe wa mutum fiye da 600. Rabon Afirka da tseren Formula 1 tun na filin Kyalami a Afirka ta Kudu a 1993, kuma a Disamba na 2024 Shugaba Paul Kagame ya bayyana cewa Ruwanda tana neman a ba ta. Idan maganar ta yi nisa, ina fatan kai da ɗalibanka za ku kasance cikin masu tambayar gonar wa za a karɓa, dajin da za a sare, da kuma inda ruwa da wutar taron za su fito, kuma ku yi wa Maroko irin waɗannan tambayoyi a kan filayen da take ginawa domin kofin 2030.

Wassalam, naka ɗan'uwa a wannan gwagwarmaya.