Maganar linzamin da aka sakar maka

Babana,

Assalamu alaikum, ya aiki ya zaman Legas? Na ga saƙonka a WhatsApp jiya bayan isha'i, alhamdulillahi likkafa ta ci gaba, Allah ya taya ka riƙo. Mamanka har da guɗa ta yi.

Sai dai abu ɗaya ya tsaya min a rai, ka rubuta wai oga ya ba ka free reign. Free rein ake rubutawa, babu g, wato an sakar maka linzami ka yi aiki yadda ka ga ya dace. Rain da reign da rein duk furucinsu ɗaya ne shi ya sa har turawan ma suke ruɗewa, na farko ruwan sama, na biyu zamanin mulkin sarki, na ukun kuwa kamazuru ne, igiyar nan da ke ɗaure da linzami wadda mahayi ke riƙewa. Ita kalmar rein ɗin daga Faransanci ta shigo musu, tushenta kuma wata kalmar Latin ce mai nufin riƙewa. In sun ce take the reins to an karɓi ragama kenan, kamar yadda muke cewa ragamar mulki, rein in kuma jan linzami ne, ko na kashe kuɗi ko na fushi.

Ba don gyaran turanci kawai na rubuto ba. Wanda ya sa g ɗin nan gani yake sarauta aka naɗa masa, alhali sassauta masa igiya kawai aka yi. Kakanka mai sunanka in muna dawowa daga gona da yamma sakar wa ingarmansa kamazuru yake yi ya bar shi ya zaɓi hanya, amma wallahi ban taɓa ganin igiyar ta bar yatsunsa ba, ko kare ne ya gifta za ka ga hannun ya motsa. To haka oganka yake da kai. Kafin ka sa hannu a kuɗi masu yawa ka sanar da shi, rasit kuma ko na naira ɗari biyar ne ka adana.

Yaran da aka sa ƙarƙashinka kuma don Allah kar ka matsa musu. Wata sallah a wajen hawa na ga wani saurayi yana ta fizgar linzami don a kalle shi har bakin dokin ya fara jini, ƙarshe dokin ya miƙe da ƙafafun gaba ya tiƙa shi da ƙasa. Har yau ina jin tausayin dabbar nan.

Ka kira mamanka ranar Juma'a, tana ta cigiyarka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka