Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, Kaduna

Zuwa ga Shugaban Asibiti da ɗaukacin ma'aikata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa ne domin in fito bainar jama'a in gode wa sashenku da ke kula da masu fama da shaye-shaye, saboda abin da Allah Ya yi wa ɗana ta hannunku. Na sakaya sunansa da nawa domin rufin asirinsa, amma da saninsa da yardarsa nake wannan rubutu.

Yaron nan ya fara da kwalbar kodin tun yana sakandare, a zamanin da ake sayar da ita a kyamis kamar ruwan leda. Da gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan binciken da BBC ta fitar, mun yi zaton wahalarmu ta zo ƙarshe, ashe tsada kawai kwalbar ta ƙara, shi kuwa ya koma wa ƙwayoyin tiramol da roci. Karatu ya tsaya, kayan gida suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ya ɗauke keken ɗinkin mahaifiyarsa, wanda da shi take rufa wa kanta asiri, ya sayar a wulaƙance. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce aljanu ne, kuma kowa da wurin da zai nuna mana.

Haka aka kai shi wani gidan mari, inda ake karɓar kuɗin abinci duk wata amma ba a bari iyaye su keɓe da ɗansu. Ranar da muka ɗauko shi, sawun ƙarfe na ƙafafunsa, bayansa duk tabon bulala, kuma bai yi mako a gida ba ya koma ruwa, ga ƙiyayyarmu da ta ƙaru a zuciyarsa. Lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gida irin wannan a Rigasa a watan Satumbar 2019, suka fito da mutane fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, duniya ta yi ta mamaki, mu kuwa abin da muka riga muka gani da idonmu ne a wani wurin. Daga nan muka gwada wata cibiya mai zaman kanta, mai kyan gini da tsadar gaske, inda aikinsu bai wuce yi wa yaro allurar barci ba, kuma duk tambayar da na yi sai a nuna mini takardar biyan kuɗi.

Da wannan gajiya muka iso Barnawa, mahaifiyarsa tana kuka saboda mutane sun ce mun kai ɗanmu gidan mahaukata. An yanki kati, an yi gwajin fitsari da na jini, likita ya gan shi aka ba shi gado. Layi yana da tsawo, magani kuma ba kyauta ba ne, amma duk abin da muka biya an ba mu rasit.

Wanda ba zan manta da shi ba wani ma'aikacin jinya ne, magidanci mai sanyin murya. Da muka zauna na fara zayyano laifuffukan yaron kamar yadda na saba a ko'ina, sai ya dakatar da ni cikin ladabi ya ce, “Baba, a yi mini haƙuri, bari in fara ji daga bakinsa.” Ya juya ya kira shi da sunansa, ya ce, “Ƙanena, yaushe rabonka da barci mai daɗi?” Shekaru ke nan babu wanda ya tambayi yaron nan komai sai dai a zage shi ko a yi masa wa'azi, sai ga shi yana magana har da hawaye. A kwanakin farko da jikinsa ke neman ƙwayar, yana zufa da rawar ɗari da ciwon gaɓoɓi, yana zagin duk wanda ya matso, wannan bawan Allah bai taɓa ɗaga masa hannu ko murya ba. Shi ne kuma ya zaunar da ni da mahaifiyarsa ya fahimtar da mu cewa ƙwayar tana sauya yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, don haka duka ba ya cire ta, kuma fitar da ita daga jiki shi ne ƙaramin aiki, babban aikin yana jiran yaron a unguwa, inda tsofaffin abokansa da dillalansa suke.

Maganarsa ta tabbata, domin bayan sallama da 'yan watanni yaron ya sake zamewa. Na koma da shi ina jiran faɗa da gori, amma sai aka karɓe shi da fara'a, aka yaba masa da ya yarda ya dawo da ƙafarsa, aka zauna da shi aka binciko abin da ya ja shi, wato zaman banza da majalisar dare. Daga wannan zama ne shi da kansa ya yanke shawarar barin unguwarmu ya koma wajen kawunsa ya koyi gyaran waya. Ya canza layinsa, ya riƙe ranakun ganin likita ba tare da an tuna masa ba, ya koma sallar jam'i, ya bi waɗanda ya cuta gida-gida yana neman gafara. Da kuɗin aikinsa na farko mai kauri ya sayo wa mahaifiyarsa keken ɗinki. Wannan ƙoƙarinsa ne, ba zan rage masa ba, amma ku kuka fara ɗaukarsa a matsayin majinyaci mai mutunci, har shi ma ya yarda cewa zai iya gyaruwa.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda irin wannan kulawa ta zama abin mamaki a ƙasarmu. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce, alhali wuraren jinya na gaskiya ƙalilan ne. An sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma har gobe ana ɗaure yara da mari a lunguna, kuma a asibitoci da dama da zarar an ji kalmar shaye-shaye sai fuskar ma'aikaci ta canza, a bar uwa tsaye a baranda ana yi mata kallon wadda ta kasa tarbiyya. Masu sayar da ƙwayar kuwa an san shagunansu.

Roƙona ga hukumar asibiti shi ne a duba yiwuwar buɗe wurin ganin likita a Zariya da sauran garuruwa ko da sau ɗaya a wata, domin kuɗin mota kaɗai yana hana iyalai da yawa dawowa bayan sallama. Ina kuma roƙon a isar da gaisuwata ga ma'aikatan jinya, da likitoci, da masu shara da masu gadin sashen. Allah Ya saka muku da alheri, Ya shirya muku zuriyarku.

Wassalam.

Naku,
Wani mahaifi daga Zariya